Takardar aurenmu na Amurka ta ɓace, ana nemanta don ɗauko iyali. Ga kuma ƙanena zai nemi lasisin aure

Baban Hanifa, Jubail

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Saudiyya. Matsala biyu na zo da ita, ɗaya tawa, ɗaya ta ƙanena, kuma duk a kan takardar aure suke.

Ni injiniya ne a wani kamfani a nan Jubail tun 2023. Maman Hanifa da yara biyu suna Kaduna, kuma tun zuwana babu abin da ke raina kamar in ɗauko su. Sana'ar da ke kan igamata, katin izinin zamana a nan, ta ba ni damar istiƙdam, wato ɗauko iyali, har gida na kama na zuba kaya. Da na kai takardu wurin mu'aƙƙibin kamfaninmu, mai bi mana su a ofisoshin hukuma, sai ya zare takardar aurenmu ya ajiye gefe, ya ce wannan ta masallaci ce, ba za ta wuce ba, ta hukuma ake so mai hatimi.

Ga asalin maganar. A Amurka aka ɗaura mana aure, a birnin Houston na jihar Teksas, cikin watan Maris na 2017. Lokacin ina karatun digiri na biyu, ita kuma tana zaune a gidan baffanta. Mahaifinta ya wakilta ƙanin nasa daga Zariya, aka yi siga a masallaci bayan sallar Juma'a, na biya sadaki lakadan, jama'a suka shaida. Kafin ranar, baffan ya ɗauke mu a motarsa zuwa wani ofishin gwamnati. Abin da nake iya tunawa, mun hau babbar hanya mai lamba 59 muka yi kudu maso yamma, muka wuce Sugar Land, har gine-gine suka fara raguwa. Wata mata a bayan kanta ta karɓi fasfo ɗinmu, ta sa muka ɗaga hannun dama muka yi rantsuwa, baffa ya biya kuɗi, aka miƙo mana wata takarda mai kauri mai ado a gefunanta. Ranar ɗaurin aure liman ya karɓe ta. Maman Hanifa ta ce tana tuna wata babbar ambulan ta zo mana ta gidan waya bayan wasu makonni, amma ba za ta iya rantsewa cewa ita ce a ciki ba.

A ƙarshen watan Agusta na wannan shekara guguwar Harvey ta sauka a Houston. Gidan da muke haya a ƙasa yake, ruwa ya shigo ya kai mana ƙugu. Akwatin takardunmu yana ƙarƙashin gado. Da muka dawo muka buɗe shi, takardun sun manne sun zama dunƙule guda, tawada ta zube, ko layi ɗaya ba ya karantuwa. Fasfo ne kawai suka tsira, don suna cikin jakar hannunta. Takardar masallacin ma daga baya liman ya sake rubuta mana wata. Baffa ya rasu a 2021, Allah ya jiƙansa, limamin kuma na ji ya bar garin.

Na shiga shafin gundumar Harris, tunda a nan Houston take, na sa sunana, na sa nata, babu komai. Wallahi gabana ya faɗi. Shin a wurin hukuma ba mu da aure ke nan? Hanifa fa a can aka haife ta a 2018. Ta ina zan fara nema daga nan, alhali ba ni da bizar Amurka yanzu?

Ta biyu. Ƙanena yana aiki a Dallas, kuma an sa masa rana bayan Babbar Sallah. Auren zumunci ne, 'yar kawunmu ce da ke karatu a Arlington, nan kusa da shi. Abokansa suna ce masa ɗaurin masallaci ya isa, lasisi ɓata lokaci ne. Ni da nake cikin wannan hali ba zan yarda ba, kuma Hajiyarmu a wuyana ta rataya maganar tunda ni ne babba. Wanda ya san yadda ake neman lasisin daga farko har ƙarshe ya taimaka mini da bayanin da zan tura masa. Allah ya saka da alheri.

Maman Sadik, Riyad

Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Ka kwantar da hankalinka. Na yi aikin jinya a Houston shekaru kafin in dawo wani asibiti a nan Riyad, kuma na bi wannan hanyar da kaina lokacin da za a yi wa maigidana igama. Ina kyautata zaton takardarka tana nan lafiya, wurin neman ne bai dace ba.

A Amurka gwamnatin tarayya ba ta ajiye rajistar aure. Kowace jiha da dokarta, kuma a yawancinsu gunduma ce ke ba da lasisi ta kuma ajiye rajistar. Gundumomin ƙasar sun haura 3,000, Teksas kaɗai tana da 254. A Teksas lasisin da aka karɓa a kowace gunduma yana aiki a ko'ina cikin jihar, amma bayan ɗaurin aure gundumar da ta ba da shi ake mayar wa, ba wadda aka yi taron a cikinta ba. Shi kuma birnin Houston ya fantsama cikin gundumomi uku: Harris, Fort Bend da Montgomery. Ka ce kun bi hanya ta 59 kun wuce Sugar Land. To ai kun bar Harris ke nan. Garin da ke gaba shi ne Richmond, hedikwatar Fort Bend. Can za ka duba.

Ka shiga shafin magatakardan gundumar Fort Bend, sashen binciken rajistar aure. Kada ka tsaya kan rubutu ɗaya na sunanka. Mu sunayenmu suna shan wahala a hannunsu: Muhammad ya koma Mohammed, Abdullahi ya rasa harafi, sunan uba ya koma gaba, naka ya koma baya. Ka gwada da sunan Maman Hanifa kamar yadda yake a fasfo ɗinta na wancan lokacin, ka taƙaita kwanan wata tsakanin Fabrairu da Afrilun 2017, ka sa haruffan farko kawai. Idan bai fito ba, ma'aikatar lafiya ta jihar tana da jerin auren da aka yi a duk faɗin Teksas tun daga 1966, shekara-shekara, kuma jerin yana nuna gundumar kowane aure. Sai dai ka lura, abin da ita ma'aikatar ke bayarwa wasiƙar tabbatarwa ce kawai, ba takardar auren ba. Kwafi mai hatimi sai a wurin magatakardan gunduma, kuma shi ne za a nema a wurinka.

Ba sai ka je ba. Ana neman kwafin ta gidan waya ko ta intanet, kuɗinsa kaɗan ne. Ka nemi biyu ko uku, za ka gode mini wata rana. Idan za ka buga musu waya, tsakaninmu da su awa 8 ne da bazara, awa 9 da hunturu, wato ƙarfe takwas na safensu ya yi daidai da bayan La'asar a nan. Ranar Lahadi da muke aiki su suna hutu.

Yanzu a ce liman bai mayar da lasisin ba. Doka ta ɗora wa wanda ya ɗaura auren ya cike ranar da wurin, ya sa hannu, ya mayar cikin kwana 30, har da tara a kansa idan ya ƙi. Ko da hakan ta faru, ofishin yana da shaidar cewa ya ba ku lasisi, kuma su za su faɗa maka abin da za a cike. Teksas ma tana cikin jihohi ƙalilan da suka amince da auren da ba a yi masa lasisi ba, matuƙar mutum biyu sun yarda su ma'aurata ne, sun zauna tare a jihar, sun kuma bayyana wa jama'a haka. Don haka maganar ba ku da aure a wurin hukuma ka cire ta daga ranka. Ambulan ɗin da matarka ke tunawa ma, ni na fi zaton ita ce, don haka suke yi: su shigar a rajista, su aiko wa ma'aurata ta ainihin.

Sai maganar ƙaninka. Hanyar ba ta da wuya. Shi da yarinyar za su je tare ofishin magatakarda, Dallas ko Tarrant, tunda Arlington a Tarrant take. Za su tafi da shaida mai hoto, fasfo ya wadatar, da lambar soshiyal sikiriti, wato lambar shaida ta gwamnatin Amurka, ga wanda yake da ita. Ba a gwajin jini, ba a tambayar shaidu. Dole kowannensu ya kai shekara 18. Bayan an ba su sai an jira awa 72 kafin a ɗaura, kuma idan aka kai kwana 90 ba a ɗaura ba lasisin ya mutu, sai a sake sabo. Saboda haka kada su yi gaggawar karɓa tun yanzu, kada kuma su bari sai ana jibi. Akwai wani kwas na awa 8 na shirin zaman aure da jihar ta amince da shi, wanda ya yi ana rage masa dala 60 a kuma ɗauke masa jiran awa 72. Liman yana da ikon ɗaurawa idan masallacinsa ya ba shi wannan matsayi, ba sai an je gaban alƙali ba. Ranar ɗaurin auren a sa mutum ɗaya mai kula wanda aikinsa shi ne ya tsaya liman ya cike ya sa hannu, ya ɗauki hotonta a waya, ya kuma bi sawu har ta koma ofis.

Amma Baban Hanifa, akwai kalma ɗaya a cikin saƙonka da ta tsaya mini a rai. Ka ce 'yar kawunku ce. Rantsuwar nan da kuka ɗaga hannu kuka yi, a cikinta akwai cewa ba ka da wani aure a halin yanzu, akwai kuma cewa wadda za ka aura ba 'yar ɗan'uwan mahaifinka ko mahaifiyarka ba ce, ko uwa ɗaya uba ɗaya suke, ko ɗaya kawai suka haɗa. Tun 2005 Teksas ta ƙara wannan. Idan kawun nan ɗan'uwan Hajiyarku ne na jini, ba za a ba su lasisi a Teksas ba. Akwai jihohin da suka halatta, irin su Niyok, Kalifoniya, Kolorado da New Mexico mai maƙwabtaka da su. Sai dai kada ya ce zai tsallaka can a ɗaura ya dawo Dallas ya zauna abinsa, domin dokar manyan laifuka ta Teksas ma ta taɓo zaman irin waɗannan dangi a matsayin miji da mata. Wannan sai lauyan harkar iyali na jihar, kafin a buga kati, kafin a yi ɗinki. Ka fara tambayar Hajiya yadda dangantakar take.

Abu Faisal, Jidda

Hayyakallah ya Baban Hanifa. Hajiya Maman Sadik ta gama da ɓangaren Amurka, Allah ya ƙara mata lafiya. Ni haifaffen Makka ne, aikina a ofishin tarjama a nan Jidda, irin takardunka kullum suna kan teburina. Bari in ɗora daga inda takarda ta fito daga hannun magatakarda.

Kwafi mai hatimin gunduma shi kaɗai bai isa ba, domin ma'aikacin nan bai san hatimin Fort Bend ba, bai san sa hannun magatakardanta ba. Da can sai takarda ta bi ta ofishin jiha, ta je ma'aikatar harkokin wajen Amurka, sannan ofishin jakadancin Saudiyya. Amma Mamlaka, wato Saudiyya, ta shiga yarjejeniyar Hague ta 1961, ta fara aiki a nan ranar 7 ga Disamba 2022, Amurka kuwa tana ciki tun 1981. Ya'ani yanzu shaida guda ce ake maƙala wa takardar, ana ce mata afostil. Tunda takardarka ta gunduma ce a Teksas, ofishin Sakataren Jiha da ke Austin ne zai yi, ba Washinton ba. A fom ɗin za ka rubuta ƙasar da za a yi amfani da ita, ka sa Saudiyya. Idan kana da amintacce a can, gunduma ta aika masa, shi ya tura Austin, ta dawo masa, ya sako maka ita ta kamfanin aika saƙo mai lambar bin sawu.

Idan ta iso, don Allah kada ka cire ƙusar da aka haɗa afostil da takardar don ka yi fotokwafi, kada kuma ka kai a manne ta da leda. Na ga mutumin da ya yi haka da kyakkyawar niyya, takarda ta yi ƙyalli, aka ce masa ta lalace, ya koma farko.

Sannan tarjama zuwa Larabci a ofishi mai lasisi. A nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa. Ka kawo wa mai tarjama igamarka da fasfon madam, ka tsaya a kansa ya rubuta sunanka da Larabci harafi da harafi yadda yake a igama. Usman da sin da Usman da sa mai ɗigo uku mutum biyu ne a wurin kwamfuta. Idan rubutun boko na takardar auren ya saɓa da na fasfonka na yanzu, ka faɗa wa mu'aƙƙib tun kafin ya shigar da buƙatarka a Absher, shafin intanet na hukumar nan.

Abin da ba ka tambaya ba amma zai taso: takardun haihuwar yara. Hanifa ta Teksas ce, tata ma afostil za a yi mata, ka haɗa su a ambulan ɗaya zuwa Austin ka huta. Ƙaramin idan a Kaduna aka haife shi, hanyarsa daban, domin Najeriya ba ta cikin wannan yarjejeniya. Tasa takardar ta hukumar ƙidaya sai ta bi ta ma'aikatar harkokin waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin Saudiyya. Ka sa a fara wannan yanzu, su tafi kafaɗa da kafaɗa.

Kuma ka yi lissafin kuɗin murafiƙin, wato kuɗin da baƙo ke biya kan iyalin da ke zaune da shi a nan. An fara shi a Yulin 2017 da riyal 100 a wata kan kowane mutum, yana hawa har ya tsaya a riyal 400 tun Yulin 2020. Mutum uku riyal 1,200 ke nan duk wata. Ka duba kwantiraginka ka ga ko kamfani ne zai ɗauka ko kai.

Ɗan Fagge, Dammam

Yallaɓai duk wannan zagaye na mene ne? Madam tana Kaduna. Ta je kotun shari'a da shaidu biyu a rubuta muku sabuwar takardar aure, a kai Abuja a buga hatimi, magana ta ƙare. Mutane da yawa haka suka yi iyalinsu suka shigo.

Abu Faisal, Jidda

Ya Ɗan Fagge, wanda aka ɗaura wa aure a Kano ko Kaduna, wannan ce hanyarsa, babu laifi. Amma shi a Houston aka ɗaura nasa. Idan sabuwar takarda ta ce a Kaduna aka yi, an rubuta abin da bai faru ba, an kuma sa shaidu sun yi rantsuwa a kai. Idan kuma aka sa kwanan watan bana, to Hanifa ta girmi auren iyayenta da shekaru a kan takarda, kuma takardun nan guda biyu a fayil ɗaya za su kwana. Tazwiri, wato takardar ƙarya, a ƙasar nan ba ƙaramin laifi ba ne, yana kai mutum kurkuku da tarhil, a kore shi daga ƙasa. Ga ta gaskiya tana zaune a rajista tana jiran a biya 'yan daloli a ɗauko, me zai kai shi?

Ɗalibi, Madina

Assalamu alaikum Yaya Baban Hanifa. Ni ƙaninka ne, ina karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, zan ɗan tofa albarkacin bakina kan abin da na ga ya fi tayar maka da hankali.

Aurenka ingantacce ne tun ranar da aka ɗaura. Akwai waliyyi ta hanyar wakilinsa, akwai siga, akwai sadaki, akwai shaidu. Ruwan da ya ci takarda bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma nasabar 'ya'yanka ba ta rataya a kan wani shafin intanet ba.

Amma abokan ƙaninmu da ke cewa masallaci ya isa, sun faɗi rabin magana ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Sadakin da aka jinkirta bashi ne, ciyarwa haƙƙi ce, gado haƙƙi ne, kuma shaidu suna mutuwa, suna ƙaura, kamar yadda ka gani da idonka a kan baffa da liman. Nan ƙasar da muke zaune, dokar zamantakewar iyali da aka fitar a 2022 ta wajabta a rubuta aure a hukumance, ta Najiz, shafin ma'aikatar shari'a, ake shigar da shi, kuma gwajin lafiya kafin aure wajibi ne ga 'yan ƙasa tun 2004. Malaman nan ba su ɗauki wannan kishiyar shari'a ba.

Game da 'yar kawu, Allah ya halatta, babu mai haramta ta. Sai dai ina roƙonka ka ja kunnen ƙaninmu kada wani ya ba shi shawarar ya je ya rantse cewa ba su da dangantaka don a ba shi lasisi. Ƙarya ce a kan rantsuwa, kuma shi baƙo ne a ƙasar, takardun zamansa da nata duk suna iya tafiya a kanta. Tunda kuma zumunci ne, su yi gwajin jini na sikila ko da ba a tambaye su ba.

Hajiya Ummu Bashir, Makka

Ɗana Baban Hanifa, jikata ce ke rubuta mini, ni ban iya wannan abin ba. Na ji ana karanta maganarka na ce sai na sa baki.

Shekaruna sun yi nisa a Shari'u Mansur. Aure nawa aka ɗaura a gabana a cikin ɗaki, malam ya zo, a raba dabino da alawa, a watse, babu ko ƙyallen takarda. Wata maƙwabciyata, yarinya mai hankali, haka aka yi nata. Mijin yana da igama, kullum yana cewa zai je mahkama a tabbatar da auren, yau ne gobe ne, har ciwo ya kwantar da shi ya rasu. Ya bar ta da yara uku. Ranar da ta je neman takardar haihuwar ƙaramin, na raka ta. Ma'aikacin bai yi mata tsawa ba, cikin ladabi ya ce ina aƙadin aure. Ta buɗe jaka ta fito da hoton ranar biki, ta ɗora masa a kan tebur, don shi ke nan abin da take da shi. Cikin shaidun aurenta ɗaya ya rasu, ɗaya an yi masa tarhil. Babban ɗanta ya kai shekarun makaranta yana zaune a gida yana leƙen 'yan'uwansa ta taga suna tafiya da jakunkuna. Sai da aka sha wahala ƙwarai kafin aka samo waɗanda za su tsaya mata a gaban alƙali.

Namiji yana iya yin sakaci da takarda don ba shi zai tsaya a layi da goyo ba. Ka faɗa wa ƙaninka in ji ni, in yana son yarinyar nan da gaske, ya yi mata takarda. In garin da yake ba za su yi musu ba, ku zauna da manya a sake shawarar inda za su zauna. Allah ya haɗa ka da iyalinka cikin gaggawa.

Baban Hanifa, Jubail

Alhamdu lillahi. Hajiya Maman Sadik, Allah ya biya ki da Aljanna. A Fort Bend take. Da sunana ban gan ta ba, sai da na sa sunan Maman Hanifa, ta fito a layi na biyu, da lambar rajista da ranar ɗaurin aure daidai. Sunan mahaifina ne aka sa a gaba, nawa a baya. Na kira Kaduna a daren, tana jin na karanto lambar sai ta fashe da kuka. Wani abokin karatuna da ke Katy ya karɓi aikin, zai nemi kwafi uku ya haɗa da takardar haihuwar Hanifa ya tura Austin. Malam Abu Faisal, na faɗa masa maganar ƙusa da leda, na kuma sa yayan Maman Hanifa ya fara bin ta ƙaramin a Abuja. Idan sun iso zan neme ka kan tarjama, don a igamata an haɗe sunana na tsakiya da na mahaifina.

Ɗan Fagge na gode da niyyarka ta alheri, amma zan bi ta gaskiyar ko da za ta ɗauki watanni. Hajiya Ummu Bashir, na tura wa ƙanena saƙonki yadda yake, ban rage ko kalma ba. Malam na Madina, ka cire mini wani nauyi daga ƙirji.

Maganar ƙanena kuwa da sauran aiki. Na tambayi Hajiyarmu. Kawun ƙaninta ne, uba ɗaya suke, uwa kowa da tasa, wato dai yana cikin waɗanda rantsuwar ta ambata. Ban faɗa mata dalilin tambayar ba tukuna, domin wannan haɗin ita da kawu suka ƙulla shi tun yaran suna ƙanana, kuma ba maganar da zan yi mata a waya ba ce. Ƙanena ya samu lauya zai gana da shi ranar Talata, ya kuma ce kamfaninsu yana da reshe a Denver ta jihar Kolorado, zai tambaya ko ana iya mayar da shi can. Yarinyar saura mata shekara guda ta gama karatu. Hajiya za ta zo Umara a watan gobe, zan same ta a Makka in zauna da ita. Wanda ya taɓa fuskantar irin wannan a danginsa, musamman yadda aka shawo kan iyaye suka yarda a ɗaga rana, ina jiran shawararsa kafin lokacin.